Gawon Malam Salihu

Hajiya Ramla 'yar cikin birnin Katsina ce gaba da baya. A Ƙofar Kwaya aka binne cibiyarta, a nan aka yi mata aure, gida huɗu ne tsakanin ɗakinta da gidan ubanta. Iyayenta da kakanninta 'yan tufafi ne a Babbar Kasuwa, don haka ko ido rufe ka miƙa mata atamfa, za ta shafa ta gaya maka ko tana zuba. Amma ka nuna mata gero da maiwa a tsaye a gona, sai ta ce ka bari a sussuka tukuna. Sai ga shi Allah ya haɗa ta da Malam Salihu, ma'aikacin gandun daji, mutumin da ko a wurin ɗaurin aure ka zauna kusa da shi, kafin a raba goro ya kai ka ga zancen itace.

Shekara talatin da huɗu suka yi tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da Malam ya raina da hannunsa shi ne gonarsa da ke bayan gari, ta hanyar Jibiya. Ranar da ya samu gonar fako ce, ko akuya ba ta tsayawa. Bai dasa komai ba. Tsofaffin kututturan da manoma ke sarewa duk lokacin sassabe su ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna, ya zaɓi toho biyu masu ƙarfi, ya datse sauran, ya ɗaura jan ƙyalle don kada 'yan ƙwadago su kai musu gatari. Mutane suka yi ta dariya, wai ma'aikacin gwamnati ya rasa abin yi yana yi wa kututture ɗaurin kallabi. A hankali kanya ta tashi, aduwa ta tashi, magarya da kalgo suka tashi. Amma abin alfaharinsa gawo ne, guda arba'in da ɗaya, kuma ya san kowanne da kamanninsa.

Iyaka ɗaya ce tsakaninsa da Alhaji Muttaka, wanda ya sayi gonakin mutane sama da ashirin ya haɗe su, ya sa aka tumɓuke duk wani itace don tarakta ta samu hanya. Masara zalla, daga nan har inda ido ya ƙare, babu inuwar da kaza za ta fake. Kowace shekara sai an ƙara buhunan taki, kowace shekara iska sai ta binne shuka da rairayi. Gonar Malam kuwa gero a sama, wake a ƙasa, itatuwa a tsakani, ƙasar baƙa wuluk. Sau uku Alhaji yana aikowa a sayar masa, sau uku Malam yana cewa a gaishe shi.

Ramla takan je gonar, amma da rani kawai, bayan an gama girbi. Da damina ko da kuɗi ba za ka kai ta ba, tana tsoron maciji, ga laka. Da rani kuwa Malam zai ɗauke ta a bayan tsohon babur ɗinsa, su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin babban gawon da ke tsakiyar gona, inda yake rataye gorar ruwansa. Duniya duk ta bushe, gawon nan kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa da ke faɗowa. Malam ya yi ta bayani, yana nuna wannan yana shafa wancan. Ita kuma tana ɓare gyaɗa tana cewa, "To, Malam. Haka ne, Malam," hankalinta na kan miyar dare. Ba ƙinsa take yi ba. Tana son muryarsa, abin da muryar ke faɗa ne bai dame ta ba.

A farkon zafin bana ciwo ya kwantar da shi, kwana tara kacal. Tun kafin nan ya riga ya ba ta gonar kyauta a gaban shaidu. Ranar da zai cika, bayan la'asar, ya kama hannunta ya ce, "Ramla, ga ɗiyana nan na bar maki. Kada ki bari a sa masu ƙarfe."

Ta ce, "In Allah ya yarda, Malam, ko reshe ba mai taɓawa."

Tana cikin takaba ɗan aiken Alhaji Muttaka ya zo gaisuwa, ya yi doguwar addu'a, a ƙarshe ya sako zancen gona. Daga bayan labule ta ce masa ya gaida Alhaji. Ta ji daɗin kanta ranar, don ta ga ta riƙe amana.

Bayansa wata yarinya ta zo, Fadila, malamar gona, wadda ta ce Malam ne ya koya mata riƙe almakashin datse reshe tun tana ɗaliba. Ta durƙusa ta yi gaisuwa har da hawaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ana wani babban shiri, in ji ta, na haɗa dubban gonaki daga bayan Katsina har bakin iyakar ƙasa, a mayar da itatuwa cikin amfanin gona maimakon a yi ta aske ƙasa ana shuka abu ɗaya. Manoma kuwa ba sa yarda da takarda, sai abin da idonsu ya gani.

"Mama, duk ƙasar nan babu gonar da za mu nuna masu irin ta Malam. Muna so ta zama gonar koyi, a kafa allo da sunanshi. Mota uku za mu kawo na manoma, su ga abin da kututture ke zama in an yi mashi haƙuri."

Ramla ta yi kuka ta amince. Aka sa rana, Asabar ta biyu bayan ta fita takaba.

Ta fita takaba damina ta kankama. Washegari ta ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, ta ce bari ta je ta ga abin da baƙi za su tarar, tunda bana ba wanda ya shuka gonar. Ta sauka a bakin hanya, ta tattare zani, tana taka ciyawa tana addu'ar tsari daga maciji. Ko'ina kore. Kanya kore, aduwa kore, masarar Alhaji ta kai gwiwa. Sannan ta ɗaga kai.

Gawon nan duka, arba'in da ɗaya, tsirara suke. Babu ganye ko ɗaya. Rassa fari-fari sun miƙe sama, sai ƙaya. Ta je ga na kusa ta girgiza reshe, ta je ga na gaba, ta je ga babban da suke zama ƙarƙashinsa. Gorar Malam na nan rataye, igiyar ta yi baƙi da ruwa. Ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ɗora hannu a ka.

To, duk ɗan da ya tashi a ƙauye, ko bai kai kiwon awaki ba, ya san halin gawo. Shi ba ya bin sahun jama'a. Idan ruwa ya sauka kowane itace ya yi ganye, shi lokacin yake zubar da nasa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana ta samu hanyar sauka kan gero. Idan damina ta wuce kowa ya bushe, sannan shi ya yi kore. Abin da ya sa manoma ke son sa a tsakiyar gona ke nan, kuma abin da Malam ya gaya mata ke nan ya fi sau ɗari tana ɓare gyaɗa. Ramla ba ta taɓa ganin gawo da damina ba. Abin da ta gani shi ne itatuwan mijinta sun mutu a hannunta cikin wata huɗu.

A hanyar komowa ta yi ta saƙe-saƙe. Ko maganin feshin Alhaji ne iska ta kwaso? Ko an zuba musu wani abu ne don ta ƙi sayarwa? Ko kuwa sun bi mai su ne? Lambar Fadila na cikin wayarta, sau biyu tana fito da ita tana mayarwa. Da wane baki za ta ce wa yarinyar nan amanar ta lalace? Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Asabar: manoma mota uku su sauko, su ga allo da sunan Malam, a bayansa matattun itatuwa. Waɗanda suka yi masa dariya da rai su sake yi masa bayan ransa. Sai ta ce a ranta gara a tarar da kaɗan masu rai da a tarar da maƙabarta.

Akwai wani Babaji mai sayar da itace a bayan Babbar Kasuwa, yana kai wa masu gidan burodi, yana da injin yanka guda biyu. Shi ta sa aka kira mata, suka koma gonar tare.

"Waɗanda suka mutu za ka cire mani," in ji ta. "Masu ganyen nan kada ka kuskura ka taɓa ko ɗaya."

Babaji ya dubi gawon, ya dube ta. Mutumin Batsari ne, a gona ya girma. "Hajiya, wanga iccen kike nufi? Duka?"

"Duk wanda ba ganye. Ba na son kuɗinka. Ka ɗauki rabi ladan aikinka, rabi ka kai mani unguwa in raba sadaka, ladan ya kai ga mai su."

Ya buɗe baki. Ya sake duban kaurin itatuwan, wasu mutum biyu ba su rungume su ba. Ya rufe bakin. Kalma ɗaya ce ta rage a faɗa a wurin nan, ya haɗiye ta, Allah ya isa.

Kwana huɗu inji na kuka. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun ji, har da Malam Audu, tsohon manomi, aminin Malam Salihu na shekara talatin, wanda tare suka ɗaura jan ƙyallen farko. Ya fito bakin gonarsa ya hango suna faɗuwa. Ya ce ai shi ke nan, matar ta sayar wa Alhaji, dukiyarta ce, ba shi da hurumin zuwa ya titsiye matar mamaci. Ya koma gida ya ƙi cin tuwo. Shi kara ta hana shi magana, ita kunya ta hana ta tambaya, Babaji kuma kwaɗayi. Guda ɗaya kawai aka bari, babban na tsakiya, don Ramla ta ce ba za ta iya ganin an sauke gorar Malam ba.

Itace ya iso Ƙofar Kwaya a kura-kura, aka raba gida-gida, mata na ta sa albarka. Ranar Juma'a Ramla da maƙwabciyarta Binta suka ɗora tukwanen dambun da za a kai wa baƙi. Wuta ta ƙi kamawa. Suka zuba kananzir, ta tashi ta mutu. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, bakin kowane itace na fitar da kumfa yana tsuwa.

Binta ta goge ido da gefen zani ta ce, "Ke Hajiya, wanga icce naki kuka yake yi a wuta. Kamar ɗanye."

"Ruwan sama ne ya doke shi," in ji Ramla, ta ci gaba da fifita. Maganar Binta ta ɗan tsaya mata a rai, ta ture ta, don aiki na gabanta.

Ranar Asabar ta riga kowa isa. Ta sa an share hanya, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin kanya, an yayyafa ƙasa a kan kututturan don kada su yi muni. Da hantsi motoci suka tsaya. Fadila ce ta fara saukowa, tana riƙe da allon da aka rubuta sunan Malam, tana murmushi tana yi wa manoma bayani da baya-baya. Da ta juyo sai ta ga fili, babu gawo sai guda ɗaya.

Manoma suka sauko suka yi cirko-cirko. Kowa na bin kututturan da kallo. Malam Audu ya fito daga cikinsu, don Fadila ta roƙe shi ya zo ya ba da tarihi, ya zo ne kuma ba da son ransa ba. Ya gaida Ramla a daƙile, ya yi mata ta'aziyya, ta amsa.

Ramla ta ga idanu sun koma kanta, sai ta yi ƙarfin hali. "Ku yi haƙuri, bayin Allah. Bayan rasuwar Malam gawon duk suka mutu. Ban san mi ya same su ba. Na ce a cire su kada ku zo ku tarar da abin kunya."

Malam Audu ya ɗago kai. "Mi kika ce, Hajiya? Ba saidawa kika yi ba?"

"In saida amanar Malam? Mutuwa suka yi. Na zo na tarar ba ganye ko ɗaya."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya taka zuwa kututturen da ke kusa, ya tsuguna da ƙyar, ya share ƙasar da aka yayyafa da tafin hannu. Ya karce ɓawon da farce, kore ya bayyana. Ya danna yatsa a kan yankan, ya miƙo mata yatsan, da danshi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Hajiya, gawo ne fa. Gawo ba shi ganye da damina. Barci yake. In an yi kaka shi ka tashi. Ko ɗaya bai mutu ba, Hajiya. Da ransu aka yanka su."

Ta ji maganar, amma ba ta shiga ba sai da ta ji wata muryar a bayanta, muryar Malam, ƙarƙashin inuwa, da ƙamshin gyaɗa: wannan ɗan taurin kai ne, Ramla, in kowa ya sa riga shi tuɓewa yake. Ta tuna har dariyar da ya yi. Ta tuna ta ce, "To, Malam."

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa a gaban kututturen ta dafa shi da hannu biyu, ta ce, "Ya faɗa mani. Wallahi ya faɗa mani." Ta yi ta maimaitawa har Fadila ta jefar da allon ta zo ta rungume ta. Malam Audu ya juya baya yana share fuska da hula, yana cewa laifinsa ne, ya ji inji kwana huɗu, taku ɗari biyu ne tsakaninsa da wurin. Daga can bayan iyaka direban taraktar Alhaji ya kashe inji ya miƙe tsaye yana kallo. Dambun nan ba wanda ya ci, a ƙauye aka rabar.

Ta yi wata uku ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ragowar itacen da ke jingine a zaure ta hana a ƙona, ta hana a fitar. Fadila na zuwa duk mako, ta gaya mata shirin bai tsaya ba, an samu wata gona a wajen Kaita ana kai manoma, ba ta kai ta Malam ba amma ana lallaɓawa. Allon kuwa yana ofis a bayan ƙofa. Ramla ta ce Allah ya taimaka. Abinci ma sai Binta ta tsaya a kanta.

Bayan an gama girbi Malam Audu ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce ba zai tafi ba sai ta fito ta bi shi. Ta bi shi don nauyinsa.

Ciyawa ta bushe, gonar Alhaji ta koma fili fetal, sai karan masara. Tun daga bakin hanya ta hango shi: babban gawon na tsakiya, shi kaɗai, kore shar, ya buɗe rassa ya yi inuwa, gorar Malam na lilo a jikinsa. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta dubi filin da ke kewaye da shi, inda arba'in ɗin za su kasance haka a yau da ta yi haƙurin wata uku. Sai a lokacin kukan da bai zo ba ranar Asabar ya zo, ta yi shi har ya ishe ta, tsohon na tsaye bai hana ta ba.

Da ta lafa ya ce, "Taho ki gani."

A gindin kututturen farko toho ya fito, sirara, sun fi goma, kowanne da 'yan ƙayoyinsa da ɗanyen ganye. Na biyu ma haka. Wasu kututturan ba su yi ba, sun bushe da gaske. Malam Audu ya ciro wuƙa daga aljihu, da wani tsohon jan ƙyalle.

"Haka muka faro da Malam. Ki zaɓi biyu masu ƙarfi, ki datse sauran."

"Shekara nawa kafin su kai kamar da?"

Bai ɓoye mata ba, don ba mutum ne mai ƙarya ba. "Talatin. In awaki sun bari."

Ramla shekararta hamsin da takwas. Ta karɓi wuƙar ta tsuguna, ta rasa wanne ne mai ƙarfi a cikinsu, duk iri ɗaya take ganinsu. Ta ɗago ido jajir.

"Malam Audu, ka faɗa mani yadda Malam yake yi. Tun daga farko. A hankali."

Tsohon ya tsuguna a gefenta ya fara bayani, yana nuna wannan yana shafa wancan. Wannan karon ba ta ce "to" ba, ta kasa kunne tana ji. Kalmomin duk na Malam ne, ta gane su ɗaya bayan ɗaya, muryar ce kawai ba tasa ba.